Jaririn da Shimfiɗata Ta Rina

Tun kafin wani abu ya faru, ni a tsorace nake. Kora nake tsoro. A shekarun nan da sai an bi layi ake samun gwangwanin madara ko sandar sabulu, kamfanonin Sharaɗa sun fara rage ma'aikata, kuma ba a yi wa mutum shiri. Ya fita da safe da kwanon abincinsa, ya dawo kafin azahar da takarda a aljihu, shi ke nan. A gidan hayar da muke zaune na ga an yi wa maza biyu haka, na ga matansu suna ɗaure tukwane a zani za a koma ƙauye. Mu ma daga ƙauye muka zo, can wajen Gumel, kuma abin da ya taso mu yana nan bai gushe ba, gona ta ƙi, rijiya ta yi zurfi. Ga ni da 'yar fari a baya, wata bakwai. In na tuna hanyar nan ta komawa sai in ji nonona kamar zai ƙafe.

Maigidana lebura ne a wani kamfanin buga atamfa. Jiniyar kamfanin ita ce agogona, ita ke fitar da shi, ita ke dawo da shi. Akwai kuma kwata da ta taso daga bayan kamfanin ta bi ta ƙofar gidanmu. Da safe ka gan ta ja, da hantsi ta koma shuɗiya, wata rana kore shar. Mutane suna toshe hanci su tsallake, ni kuwa leƙa ta nake yi. In na gan ta da launi sai hankalina ya kwanta, na san inji yana aiki. Ranar da ta zo ba launi, ko abinci ba na iya ci.

Cikin aikinsa har da tura baro. Duk ƙyallen da aka yanke daga bakin atamfa, da wanda inji ya tauna, da wanda zanensa ya karkace, shi ke kwasa ya kai wani rami a bayan katanga, a zuba kananzir a cinna wuta. Ban san da wannan ba sai ranar da kwanon abincinsa ya dawo a ɗaure cikin wani ƙyalle da ba nawa ba.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Shara ce. Naki ya faɗa cikin baƙin mai."

Na warware. Bai kai ɗankwali ba, amma sabo ne fil, ja da rawaya, sai wani layi da ya ɗan zame a gefe. Na ce, "Wannan ce shara? Maigadi ya gani?"

"Ya gani mana. Shi ma da irinsa yake goge kekensa."

Lokacin damina ce, simintin ɗakinmu yana tsattsafo da sanyi, tabarma kuma tana kartar bayan yarinyar. Ni karatuna bai wuce aji uku ba, amma hannuna ya san allura, don tun ina ƙarama nake ɗinkin hula. Na ce ya ƙaro min. Na haɗa ƙyallayen baki da baki, na jera su hawa biyar, munana a ciki, kyawawa a sama, na bi su da ɗinki ƙanana kamar yadda ake cika hula, don kada su tattare wuri guda in an wanke. Kwana shida na yi. Da na kwantar da ita a kai, ta yi miƙa, ta kama yatsan ƙafarta tana tsotsa, ta yi barcin da har sai da na sa hannu a hancinta in ji ko tana numfashi.

Akwai wata tsohuwar dillaliya da ke zagaya gidajenmu da ƙullin kaya a ka, bakinta ja wur da goro. Iya muke ce mata. Ta shigo ta tarar da yarinyar a kai, ta ɗaga ta kamar kayan wanki ta miƙo min, ta ɗauki shimfiɗar tana ja da ƙarfi ta ga ko ɗinkin zai buɗe.

Ta ce, "'Yar nan, wa ya koya miki?"

Na ce, "Ba kowa, Iya. Sanyi ne."

"To sanyin nan ba ɗakinki kaɗai yake shiga ba. Yi min biyu kafin Juma'a."

Haka aka fara. Iya ta ɗauka ta tafi, ta dawo hannu wofi tana neman ƙari. Masu jego suka so ta, don tana da laushi, ana wanke ta ta bushe da wuri, kuma ko matar lebura tana iya saye. Na sayi almakashi na kaina, na daina aro. Na sa mana nama a miya ranar da ba albashi aka yi ba. Wani daɗi da ban taɓa sani ba shi ne in zauna bayan na gama girki, in baje ƙyallaye a gabana, in riƙa gwada wannan kusa da wancan har su yarda da juna. Kore ba ya son zama kusa da ruwan hoda. Ja kuwa da kowa yake shiri.

Sai dai duk wannan ta cikin ɗaurin kwano yake fitowa. Kwano ya tafi da ƙyalle ɗaya, ya dawo da huɗu ko biyar an nannaɗe. Maƙwabciyarmu ta ɗakin ƙarshe, Kirista ce 'yar Filato, ta girme ni, a kamfanin take aiki ɓangaren da ake ninke atamfa. Ina ce mata Yaya, ita kuma Amarya take ce min duk da goyon da ke bayana. Wata rana ta ga Malam ya shigo, ta dubi hannunsa ta ce, "Amarya, kwanon mijinki ya fi shi ƙiba. Ki riƙa ba mutumin abinci, ki bar kwanon haka."

Muka yi dariya, amma maganar ta zauna min a ƙirji. Na sha tambayarsa, "Malam, anya ba sata ba ce?" Ya ce abin da za a ƙone ba shi da mai shi. Ni dai na san ba wanda ya ba mu izini da bakinsa, kuma na san a lokacin rage ma'aikata ƙaramin dalili ake nema.

Ana nan sai aka canza masa wuri. Da a ƙarshen aiki yake, inda atamfa ke fitowa a gama. Yanzu aka kai shi kan inji, inda ake fara buga launi ana gwadawa. Ƙyallayen da ya fara kawowa daga can sun fi na da kyau nesa ba kusa ba. Launinsu kamar zai yi magana, ga ƙarfi, in ka murza har ƙara suke yi. Cikinsu akwai wani zane na zabbi shuɗɗa suna tafiya cikin koren ganye. Malam ya ce shi bai taɓa ganinsa a jikin kowa ba. Na ji daɗi, na ce to ni ce ta farko.

A makon Iya ta zo da saƙo. Wata mata tana son shimfiɗa mai kyau za ta kai gidan suna, ƙawarta ce ta haihu. Na fito da zabbin nan na zuba duk iyawata. Ina ɗinki ina ganin kan yatsuna yana yin shuɗi, amma ban damu ba. A garinmu in rawani ya bar shuni a goshin mutum, ko zani ya shafa wa mace baƙi a kafaɗa, alamar mai tsada ne, har nunawa ake yi. Duk da haka da Iya ta zo karɓa na ce mata ko in ɗan ɗauraye.

Ta ce, "Ki ɗauraye? Wa ke kai wankakken abu gidan suna? A ce ta kawo gwanjo? Bar shi da ƙamshinsa."

Ran Juma'a aka yi sunan. Ran Asabar da hantsi sai ga Iya ta shigo ba ƙulli a kanta. Ban taɓa ganin tsakiyar kanta ba sai ranar. Ta zauna a bakin ƙofata ta ce in ba ta ruwa. Ta sha, ta goge baki, ta ce, "'Yar nan, kin rina jariri."

Ta ba ni labari. An yi wa yaron aski, an kawo shi ɗakin uwarsa, mata cike da gida. Aka fito da kayan barka ana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, da aka zo kan shimfiɗata kowa ya ce a gwada. Aka kwantar da shi tsirara saboda zafi. Ya yi gumi, ya yi fitsari, ya yi barcinsa. Da aka ɗaga shi za a ba shi nono, sai ga bayansa tun daga wuya har ɗuwawu shuɗi da kore. Wata ta ce ciwo ne, wata ta ce a nemo hayaƙi, uwar ta fara kuka. Sai kakar yaron ta lashi yatsa ta goga, ta duba yatsan, ta ce, "Ku rufa mana baki, angona lalle ya sha."

Iya tana faɗa tana danne dariya. Ni ma har ta taso min, sai na ga fuskarta ta canza.

Ta ce, "Saura ki ji sauran. Kin san ɗan wane ne? Ɗan heluman mijinki."

Heluma shi ne shugaban leburorin ɓangaren, shi ke rubuta sunan wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma in za a rage mutane bakinsa ake ji. Iya ta ce da aka kai masa shimfiɗar zaure ya gani, sai ya naɗe ta ya sa a hammata. Zabbin nan zane ne da kamfani ke ɓoyewa, sai Sallah za a fitar, don kada wasu su kwaikwaya su riga su kasuwa. Ko manyan 'yan kasuwar atamfa ta Kwari ba su gan shi ba. Sai ga shi a ƙarƙashin ɗansa, a gaban matan unguwa guda.

Na dubi tukwanena.

Da jiniya ta yi, Malam ya dawo, kwano a hannu tsirara ba ɗauri. Ya ce heluma ya kira shi gefe, bai yi masa faɗa ba, ya dai ce ran Litinin dole ya kai maganar gaban manaja, don in wani ya riga shi kaiwa shi ma aikinsa ya tafi. Malam ya zauna yana kallon ƙasa. Bai ce laifina ne ba, kuma da ya faɗa da ya fi min sauƙi.

Yaya 'yar Filato ta ji mu shiru, ta ɗaga labule ta yi sallama. Na nuna mata ragowar zabbin. Ta murza, ta sansana, ta dubi Malam ta ce, "Kai ma dai. Daga kan inji ka ɗebo?" Ta juyo gare ni. "Amarya, wannan ɗanye ne. In an buga launi sai an bi da shi ta turiri ya kama, sannan a wanke shi a fitar da wanda bai kama ba. Kin ga ruwan kwatar nan da kike leƙawa kullum kamar mai jiran saƙo? To shi ne wankin. Abin da ya kamata ya bi kwata, shi kika shimfiɗa wa ɗan mutane."

Shekara guda da rabi ina kallon ruwan nan ban taɓa tambayar daga ina launinsa yake ba.

Ta ce a samo farin tsumma. Ta jiƙa, ta goga a kan zabbin, ya fito shuɗi. Ta goga a kan shimfiɗar 'yata, ya fito fari tas. Ta ce haka suke yi a wurin aiki in sun yi shakka. Ta kuma ce a shafa wa yaron man gyaɗa da auduga a hankali, sannan a yi masa wanka da ruwan ɗumi, kada a dirje shi.

Na ce, "Malam, ka bar ni in je gidan gobe."

Ya ɗago. Tun da muka zo Kano ban taɓa wuce asibitin awo ba. Ya ce, "Ki je ki ce me?"

"In ce ni ce. Kai baro kawai ka tura."

Ya ce to in tafi da Iya.

Ina da wata shimfiɗa da na kusa gamawa, ta tsofaffin ƙyallaye. Na bi ta ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, na ƙarasa ɗinkin da yamma, na wanke ta duk da faɗan Iya, na shanya. Ran Lahadi da safe na goya yarinya, na sa shimfiɗar da kwalbar man gyaɗa da tsumman a jaka, muka hau motar Ɗorayi. Duk hanya ina haɗa maganar da zan yi, tana warwarewa.

Na zaci zagi zan tarar. Da muka yi sallama Iya ta ce, "Ga mai rinin na kawo muku." Sai ɗakin ya ɗauki dariya. Mai jego, yarinya ce sa'ata, ta riƙe ciki tana cewa kada a sa ta dariya ɗinkinta bai warke ba. Kakar yaron ta jawo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta kwance masa zani ta juya shi. Launin ya ragu, amma a kan ɗuwawunsa na dama akwai zabuwa guda, da wuyanta da ɗigonta, ba abin da ya goge.

Kakar ta ce, "Kin ga wannan? Na hana a taɓa. Na ce sai mai ita ta zo ta kama abarta."

Na durƙusa na ba su haƙuri. Mai jego ta ce, "Haba, tashi. Ni da na ga ba ciwo ba ne na gode wa Allah. Kuma wallahi kafin a ɗaga shi bai taɓa barci irin wannan ba." Na zuba man gyaɗa a auduga na shiga shafawa. Fatarsa kamar ta ƙwai. Zabuwar ta riƙa narkewa tana hawa audugar, shi kuwa gogan ko motsi bai yi ba, sai hamma. Kakar tana ce masa, "Ango, ka yi asarar kaza."

Sannan aka ce heluma yana tsakar gida. Na fita na durƙusa daga nesa. Dattijo ne siriri, da furfura a gemu, yana zaune a kan turmi da rediyo a cinya. Na gaishe shi, na yi masa barka.

Ya ce, "Baiwar Allah, ke ce mai zabbi?"

Na ce, "Ni ce, Malam. Ni na matsa masa ya riƙa kawowa. Ku yi min hukunci, shi ku bar masa aikinsa."

"Ai ke ba ma'aikaciyata ba ce, da me zan hukunta ki?" Ya kashe rediyon. "Ƙyalle ba ya damuna. Kowa yana ɗiba, ina gani ina kau da kai. Zanen ne. In ya fita kafin lokacinsa, wuyana za a kama."

Na ce, "Ban sani ba, Malam. Da na sani ko taɓa shi ba zan yi ba." Na fito da sabuwar shimfiɗar, Iya ta miƙa masa. Na jiƙa tsumman a butarsa na nuna masa yadda yake fitowa fari. Ya karɓa ya goga da kansa, da ƙarfi, kamar yana so ya kama ni. Ya juya ta ya duba ɗinkin.

Ya ce, "Wannan ja ɗin na bara ne. Wannan kuma ni na tsaya a kansa, ranar da bel ɗin inji ya tsinke." Ya riƙa bin su da yatsa yana gane su kamar 'ya'yansa.

Ban san inda na sami ƙarfin hali ba, na ce, "Malam, in tambaye ku? Wanda aka riga aka wanke, kuma zanensa yana kasuwa kowa ya gani, me ya sa ake ƙone shi?"

Ya ce, "Haka muka tarar."

"To da za a ware mana shi, a ba mu takarda mu nuna a ƙofa. Ɗanyen da sabon zane a ƙone. Ni tsoron nan ne ya ishe ni. Ina ɗinki ina jin kamar da kayan sata nake yi."

Ya dubi Iya ya ce, "Wannan ce kika ce ba ta magana?" Iya ta ce ita ma yau ta fara jin muryarta. Ya ce bai yi alkawari ba. Zai kai shimfiɗun biyu, mai laifin da marar laifin, ya faɗi gaskiya yadda take, abin da manaja ya yanke shi ke nan. Mai jego ta leƙo ta taga ta ce marar laifin dai tata ce, a dawo mata da ita.

Ran Litinin Malam ya fita, na bi bayansa da addu'a. Na kasa ɗinki, na kasa zama. Na share ɗaki sau uku. Duk sallamar da aka yi a zaure sai gabana ya faɗi, don na san waɗanda aka kora kafin azahar suke dawowa. Aka kira azahar bai dawo ba. Aka kira la'asar bai dawo ba. Na ce to ko dai ofishin 'yan sanda aka kai shi. Jiniya ta yi, mazan gidan suka shigo ɗaya bayan ɗaya, har Yaya ta dawo. Na tare ta, ta ce ita ba ta ji komai ba, amma na ga tana cizon leɓe tana kallon gefe.

Sai na ji ƙararrawar keke a zaure, mu kuwa ba mu da keke. Ga Malam yana turo keken maigadi, an ɗaure buhu a baya, cike har baki, ƙyalle yana leƙowa. A fili, ta gaban kowa. Ya jingine keken, ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da takarda. Da na ga takarda sai na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Ba irin waccan ba ce. Karanta, ke da kika yi aji uku."

Da Turanci aka buga ta, ban gane komai ba sai sunansa da hatimi mai ruwan malmo a ƙasa. Yaya ta karɓe ta karanta mana da Hausa. An yarda mai wannan suna ya fita da buhu ɗaya na yankakken ƙyalle duk ran Asabar, wankakke, na zanen da ya riga ya fita, bayan heluma ya duba ya sa hannu. Na yau kuwa na buɗe hanya ne.

Malam ya ce da farko manaja ya yi faɗa sosai, ya kulle mai zabbin a durowarsa, ya ce a mayar da shi Malam tsohon wurinsa, kada a sake ganinsa kusa da kan inji. Sannan ya ɗauki ɗayar ya yi ta juyawa, ya sa farce yana neman inda ɗinkin zai buɗe. Ya tambaya ko da keke aka yi, aka ce da hannu. Heluma ya tuna masa yadda hayaƙin ramin ke shiga ofishinsa, da kananzir ɗin da ake wahalar samu ana zubawa a kan abin da mutane ke so. Manaja ya ce a kira akawu.

Na ce, "Shimfiɗar mai jego fa?"

Ya ce, "Manaja ya hana. Ya ce matarsa za ta gani. Sai ki yi mata wata."

Muka zazzage buhun a tsakar gida. Ban taɓa ganin launi da yawa haka wuri guda ba. Matan gidan suka fito, kowa tana ɗagawa tana karawa a jikinta. 'Yata, da ta fara rarrafe a makon, ta kutsa cikin tarin ta ɓace, sai ƙafarta muke gani. Malam ya tsaya yana dariya har ana ganin haƙoransa na ciki, abin da na daɗe ban gani ba. Ni kuwa ina dariya hawaye yana zuba, Yaya tana cewa, "Amarya, kar ki jiƙa mana kaya, yanzu a ce sun zuba."

Buhu guda ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Na raba wa matan gidan, na koya musu jeri da ɗinki, kuma kowace na yanka mata farin tsumma na ce ko ƙyallen ya rantse sai an goga. Wata cikinsu ta fi ni iya haɗa launi, wata ta ƙirƙiro yi wa bakin shimfiɗar lanƙwasa don kada ya zare, na koya a wurinta. Wadda mijinta ke aiki a Bompai ta sa shi ya nemo irin takardarmu a nasu kamfanin, ya kai tamu aka gani aka kwafa. Mai jego ta zama ƙawata, ɗanta kuwa har ya yi gemu kakarsa ba ta daina tsokanarsa ba.

Malam bai rasa aikinsa ba a wannan ragin, bai rasa a na bayansa ba. Ya yi shekaru har ranar da aka rufe kamfanin gaba ɗaya aka sallami kowa da kowa. Ranar ya dawo kafin azahar, ya tarar da mu mata bakwai a tsakar gida, da keken ɗinki biyu suna aiki. Na zuba masa abinci ya ci. Ba mu koma ƙauye ba.

Roƙo ɗaya nake da shi ga mai karanta wannan. In kana da iko a wani wurin aiki, ko kamfani ne ko shago, kuma akwai ragowar abin da kuke zubarwa ko ƙonewa, ka tambayi matan unguwar ko suna da amfani da shi. In sun ce suna so, ka ware musu wanda ba zai cutar ba, ka rubuta musu izini a takarda ka sa hannu, don su ɗauka hankalinsu a kwance.